Labarin ƙasa nake karantawa, amma Baba ya hana ni fita in ga ƙasar

Assalamu alaikum Hajiya,

Ina gaishe ki da aiki, Allah ya saka miki da alheri bisa wannan fili da kike sauraron damuwar mutane. Ni budurwa ce 'yar Njamena, ina shekara ta biyu a Jami'ar Ngaundere da ke Kamaru, a sashen labarin ƙasa. Wata magana ce tsakanina da mahaifina ta tsaya mini a rai, na rasa ta inda zan ɓullo mata.

Mu 'yan Chadi muna da yawa a nan. Kuɗinmu ɗaya ne, sefa, karatun ma da Faransanci ake yi, rajista kuma sefa 50,000 ce a shekara, ga shi shekarar karatu ba ta ja kamar yadda yajin aiki kan sa ta ja a gida. Duk da haka sai da aka kai ruwa rana kafin Baba ya yarda 'yarsa mace ta tsallaka iyaka. Da ya yarda ɗin, sharaɗi ɗaya ya kafa mini: daga ɗaki sai aji, daga aji sai ɗaki, cikin gari ma sai gidan amininsa da muke kira Kawu Alhaji, wanda aka damƙa ni a hannunsa. Na ce na ji, kuma har yau ban taka wannan magana ba.

Jami'ar ba a cikin gari take ba, tana Dang, kamar kilomita 15 a kan hanyar Garwa. Idan Asabar ta zo, 'yan ajinmu sukan yi karo-karo su ɗauki shatar mota. Wani makon su je Tafkin Tizon, wanda ruwansa ya taru a bakin tsohon dutse mai aman wuta. Wani makon su je Tello, inda ruwa ke zubowa daga saman dutse, a bayansa kuma akwai kogon da mutum zai shiga ya tsaya. Masu ɗan hali kan hau jirgin ƙasa na dare su wayi gari a Yawunde, ko su gangara gandun dajin Binuwai da rani su ga dorinar ruwa. Ni kuwa ina ɗaki, sai dai in ga hotuna a WhatsApp ranar Lahadi da dare.

Hajiya, kar ki ɗauka kwaɗayin yawo ne ko son ɗaukar hoto. Abin da nake karantawa yana wajen nan, ba a cikin allo yake ba. Wannan tudu na Adamawa ta Kamaru, wanda Ngaundere ke kansa, shi ne mafarin manyan koguna. Binuwai daga nan ya taso, ya bi ta Garwa da Yola, ya je ya haɗu da Kwara a Lokoja. Kogunan Vina da Mbere ma daga nan suke gangarawa su zama Logon, wanda ya ratsa Mundu da Bongor ya zo ya haɗu da Shari a bakin garinmu. Ranar da malami ya zana wannan a aji, jikina ya yi sanyi. Na tuna ambaliyar 2022, lokacin da ruwa ya cinye gidaje a unguwar Waliya ta Njamena mutane suka koma tantuna, sannan ya sake dawowa a 2024. Mu a Njamena ruwan kogi yakan kai ƙololuwa wajen Oktoba zuwa Nuwamba, damina ta riga ta ɗauke mana, sama tarwai, amma kogi na ta cika, saboda ruwan da ya sauka a kudu makonni da suka wuce ne yake isowa. Wani ɓangare na wannan ruwan a kan duwatsun da nake hange ta tagar ɗakina ya zuba. Burina in gama in koma gida in yi aiki a kan sha'anin ruwa da ambaliya. To ta yaya zan yi wa mutane bayanin kogin da ban taɓa tsayawa a mafarinsa ba? 'Yan ajinmu da suka je suna magana a kan kalar ƙasa da irin dutse da yadda zaizaya ke cin gangare, ni sai abin da na haddace.

Ba na cewa tsoron Baba na banza ne, ko kusa. Ɗan kasuwa ne, ya san hanya fiye da ni. Ya san abin da Boko Haram ta mai da hanyar Mora da Waza zuwa Kusuri, garin da ke tsallaken kogi daga Njamena, tun daga 2013 da aka sace wasu Faransawa 'yan gida ɗaya a yankin. Shi ya sa idan zan je hutu ta Tuboro da Mundu yake sa in bi. Ya san labarin zargina masu tare hanya, da masu ɗauke makiyaya a rugage su nemi kuɗin fansa a nan Adamawa. Ya san gangaren nan mai kwane-kwane da ke kan hanyar Garwa, inda manyan motoci ke yawan faɗuwa. Kuma ya san baƙo a shingen hanya, ko da takardunsa sun cika, yakan sha tambayar da ɗan ƙasa ba ya sha. Duk na yarda. Abin da nake gani shi ne ya haɗa komai a kwando ɗaya, tafkin da ke gefen gari da dajin da ke kan iyaka duk sunansu Kamaru a wurinsa.

Ƙawayena sun ce mene ne na wahalar da kai, Baba yana can nesa, in je in dawo wa zai gaya masa? Wannan kam ba zan iya ba. Mutumin da ke cire kuɗin haya da na abinci daga cinikinsa ya turo mini duk wata, ba zan ci amanarsa don ba ya ganina ba. Kuma in wani abu ya same ni a hanya, da wane baki Kawu Alhaji zai yi masa bayani? Mama tana bayana a zuci, amma ta ce in yi haƙuri har in karɓi digiri, kar in tayar da maganar ya ce in tattaro in dawo gida gaba ɗaya. Wannan shi ne babban abin da ke tsorata ni, domin Baba idan ya yanke magana ba ya waiwaye. Abin da ke ɗan ci mini rai kuma, yayana da ya yi karatu a Marwa babu inda bai leƙa ba, ba wanda ya ce masa kanzil.

Maganar kuɗi ba matsala ba ce. Ina sayar da turaren wuta da humra da Mama ke aiko mini, ina kuma yi wa ɗalibai lalle, ribar za ta ishe ni kuɗin mota ba tare da na taɓa na karatu ba.

Hajiya, ki taimake ni da shawara. In tunkari Baba da kaina ta waya, ko in jira hutu mu zauna ido da ido, ko kuwa in bi ta wurin Kawu Alhaji, tunda shi mazaunin garin ne kuma Baba na jin maganarsa? Na yi tunanin in roƙi abu kaɗan tukuna: wuraren da ake zuwa da safe a dawo kafin magariba, cikin ayarin da akwai mata, ban da kwana, ban da jirgin Yawunde, kuma in Kawu ya ga dama ya haɗa ni da ɗaya daga cikin 'ya'yansa mata. Shin roƙon sassauci a kan alkawarin da na riga na ɗauka rashin kunya ne? Ina kuma so, in da hali, ki tambayar mini malaman da kike gayyata ko irin wannan fita ta yini ɗaya ta shiga cikin tafiyar da aka ce mace ba ta yi sai da muharrami, domin na san nan Baba zai fara dosa.

'Yan ajinmu suna shirin zuwa Tello da zarar an gama jarrabawar zangon farko, kafin ruwa ya sauka hanyar ta ɓaci, kuma sun ce in ba su amsa don su san yawan kujerun da za su kama. Don Allah a sakaya sunana.

Na gode, Allah ya ƙara girma.

'Yarki,
ɗaliba daga Dang, Ngaundere