Hancin Tarwaɗa

Assalamu alaikum, aminina.

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kana lafiya, kai da iyali. Ka yi haƙuri da shirun da na yi, wata biyu ke nan ina fama da hancin tarwaɗa a ɗakin gwaje-gwaje. Kada ka yi dariya.

Ka tuna gardamarmu a bakin rafi, kana rantsuwa kifi da hanci yake numfashi? To ka sha kaye. Hancin tarwaɗa bai haɗu da maƙogwaro ba, sansana kaɗai ce aikinsa. Ruwa ya shiga ta ƙofar gaba, ya fita ta baya, a tsakani ya ratsa wani nama mai ninki-ninki jere hagu da dama kamar haƙoran mataji. Kifin na girma, ninkin na ƙaruwa.

Kafin ka ga komai, sai ka jiƙa naman a fomalin, wato ruwan maganin da ke hana nama ruɓewa, ka binne shi a kaki irin na kyandir, ka yanka shi siriri fiye da fatar albasa, sannan ka rina. Yankan farko duk ya yage mini, na yi asarar mako guda.

Amma da na dace na leƙa madubin ƙara girma, wallahi sai da na manta da azahar. Ƙwayoyin jijiya ne dogaye a tsaye cunkus, wasu da 'yan gashi a ka, wasu da gajerun tsinkaye, su ke kama ƙamshin abinci da na ɗan'uwa a ruwa su aika ƙwaƙwalwa. A gefensu ga masu tallafa musu, ga masu fitar da majina, ga masu kaɗa ruwa kamar mafici. Waɗanda suka fi burge ni 'yan ƙananan da ke can ƙasa ne: idan na sama suka mutu, su ke rikiɗa su maye gurbi. Sai dai maganin feshin gona da ke gangarawa kogi yana iya illata wannan nama na cikin hanci, kifi ya kasa gane abincinsa.

Yanzu na fahimci dalilin da ya sa hanjin kazar nan mai wari da kake sa wa ƙugiya yake kama mana tarwaɗa cikin duhu da ruwan laka. Gashin bakinta ma yana taimakawa, amma shi ɗanɗano yake ji.

Ka gaida Inna da yara. In Allah ya kai mu sallah, ina nan tafe.

Naka amini.