Malamarmu ta Zane ta Riga Mu Gidan Gaskiya

Ƙawata,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya maigidan, ya yaran da zafin Sakkwato? Wai har yanzu lambar nan ce taki, ko kin sake canzawa? Shirun ya yi yawa.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Malamarmu ta zane Allah ya yi mata rasuwa ranar Talatar da ta wuce, bayan 'yar gajeruwar jinya, aka yi mata sutura bayan azahar. Allah ya jiƙanta, ya sa can ta fi nan.

Na je zaman makoki gidanta na Gangare a nan Jos, wallahi babu masaka tsinke. Tsofaffin ɗalibanta ne, Musulmi da Kirista, wasu daga Bukuru, wasu daga Tudun Wada. Kin san tun rikicin 2001 akwai waɗanda ƙafarsu ba ta ƙara taka unguwar ba, amma saboda Malama sun zo, muka zauna tabarma ɗaya muna kuka.

Hira ta kai mu ranar da ta kwashe mu zuwa gidan tarihi, ta tsayar da mu gaban kawunan yumɓun nan na Nok, ta hana kowa taɓa fensir sai ya ƙare wa idanun kallo, yadda aka huda ƙwayar, yadda aka yi kitson. A nan ta gaya mana masu haƙar kuza ne suka tono su, kuma sun haura shekara dubu biyu. Daga nan ta zagaya da mu ɓangaren tukwane, har wajen da aka kwaikwayi ginin masallacin Zariya da ganuwar Kano. Ke kuwa hankalinki na kan gidan zu da ke kusa! Kuma kada ki ce kin manta akuyar nan mai ƙafa biyar da kika zana, don an tuna da ita a wajen makokin, har masu hawaye sai da suka murmusa.

Abin da ba mu sani ba shi ne rayuwarta bayan ritaya. Da babban ɗanta ya rasu, ita ta kwashe marayunsa ta riƙe da ɗan fanshonta, tana haɗawa da rini. Da can a kasuwar Taminus take sarin kayan, da gobarar 2002 ta cinye kasuwar sai ta koma aike Kano. Mazan ta kira su angwayenta, macen kuwa kishiya, kullum suna cikin tsiya a tsakar gida. Sun ce ba ta taɓa miƙa musu naira ashirin ta alewa ba tare da ta juya takardar ta nuna musu Ladi Kwali tana ginin tukunya ba. Cikin sanyin Disamban Jos, ita ke tashi da asuba ta ɗora musu ruwan wanka.

Af, mutuniyarki ta bencin baya ta aurar da 'yarta watan jiya, an sha biki, ta ce ta aiko miki kati ba ki ko amsa ba. Dankali kuma a Farin Gada ya yi tsadar da ba a magana, don haka kada ki sa rai da buhun bana.

To ga abin da ke hana ni barci. Jikar Malama, kishiyar nan tata, ta gama sakandare, kuma hannun Malama ta ɗauko sak. Ta nuna min dagin Arewa da ta zana da gawayi a bayan kwali, sai da na riƙe baki. Burinta ta karanci zane a Jami'ar Ahmadu Bello, Malama ta riga ta fara yi mata tanadi. Yanzu baffanninta sun ce zane ba ya ciyar da mutum, har an fara zancen miji. Ni ba na ƙin aure, amma a bari yarinya ta yi karatun da kakarta ta mutu da shi a rai mana.

Maigidanki abokin ƙaramin baffan ne, kuma yana jin maganarsa. Don Allah ki sa ya kira ya yi ta'aziyya, in an kwana biyu ya shigo da zancen a hankali. Mu ɗalibai muna shirin karo-karo don kuɗin rajista, na riga na sa sunanki. Sadakar arba'in kuma in da hali ki zo, ɗakin baƙi na nan.

Ki gaida yaran, ki ce wa autarki ina nan da alkawarin lallenta.

Taki har kullum.