Kuɗin Fito Ya Kusa Cinye Min Jari

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ni mai aski ne a Tudun Wada, Kaduna. Kwanakin baya na yi odar injin aski guda biyu da kwalin reza da man shafawa bayan aski daga Turkiyya ta intanet, don na gaji da jabun da ke mutuwa a hannuna kan mutum na rabin aski.

Na biya kuɗin kaya da na jirgi, na ɗauka magana ta ƙare. Ashe da sauran rina a kaba. Kaya na isowa kamfanin da ya yi dakonsu ya bugo waya, wai sai na biya kuɗin fito. Da na karɓi takardar na zauna a kan bencin shago ina dubawa, sai na ga ba a kan farashin kayan kaɗai ake lissafi ba, har da kuɗin jirgi da inshora ake haɗawa, sannan a ɗora harajin VAT na kashi 7.5, wanda ya tashi daga kashi 5 a 2020. Kamfanin kuma ya ƙara nasa ladan cike takardu. Kwana huɗu na yi ina haɗa kuɗin, suka ce akwai kuɗin ajiya!

Biyan haraji bai dame ni ba, wallahi. A faɗa wa mutum jimillar tun kafin ya danna biya. Da na sani tun farko, da na shiga Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi na taya na hannu.

Naku,
Wani mai aski,
Tudun Wada, Kaduna.