Rahoton Ayyukan Shekara: Kwamitin Kula da Motocin Filin Golf

Assalamu alaikum, shugaban ƙungiya, dattawa da sauran membobi.

Kamar yadda muka saba a ƙarshen kowace shekara, ga bayanin abin da kwamitin kula da motocin fili ya yi. Lissafin kuɗi yana hannun ma'aji, shi zai karanta shi a babban taro. Nawa shi ne in faɗi inda aikin ya fi cin mu, kuma bana ba batir ba ne kamar bara. Taya ce.

Yawancin motocinmu, na Club Car, E-Z-GO da Yamaha, suna tafiya ne a kan taya mai lamba 18x8.50-8. Ma'anar lambar: tsayin taya inci 18, faɗinta inci 8 da rabi, rim kuma inci 8. Faɗin nan da gangan aka yi shi, domin nauyin mota ya bazu kada ya nutsa cikin ciyawa. Ba a yin wannan taya a ƙasar nan. Ko tayar mota ma, tun da Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal a 2007, Dunlop ya bi bayansa a Legas a 2008, kusan komai daga waje ake kawowa. Da aka saki darajar naira a watan Yunin 2023 sai farashin ya ƙara tashi, kuma wanda ya sayi taya kafin nan da bayan nan ba sai an yi masa bayani ba.

Wannan tsadar ce ta haifar da muhawarar da ta fi daɗewa a zamanmu na bana. Wasu membobi sun kawo shawarar mu riƙa sa tayar adaidaita sahu, tunda ita ma rim ɗinta inci 8 ne, tana da araha, kuma ko a lungu ka shiga za ka same ta. Shawarar ba ta banza ba ce, kuma mun zauna a kanta sosai. Amma kwamiti bai amince ba. Tayar adaidaita lambarta 4.00-8, wato faɗinta bai kai rabin tamu ba. Rim ɗin motar fili ya fi ƙarfinta faɗi, ba za ta zauna a kansa daidai ba. Ko da an sauya rim ɗin, siririyar taya mai tauri da aka yi domin kwalta za ta riƙa tsaga ciyawa, musamman da damina idan ƙasa ta yi laushi. Abin da aka rage a kuɗin taya, masu gyaran fili za su cinye shi da gyaran sawu. Na san akwai waɗanda har yanzu ba su gamsu ba, ƙofa a buɗe take su sake tayar da maganar a taro.

Da muka tara tayoyin da aka cire muka duba su ɗaya bayan ɗaya, sai muka ga da yawansu ba tsufa ne ya kashe su ba, iska ce. Taya tana faɗin abin da ya same ta. Wadda ta cinye a tsakiya, iska aka cika mata. Wadda ta cinye ta gefe biyu, da ƙarancin iska ta yi ta yawo. Wadda ta cinye ta gefe ɗaya kawai, saitin ƙafafun gaba ne ya goce, galibi bayan an daki kututture ko bakin kwalbati. Namu sun fi yawa a kashi na farko, kuma dalilin ba ɓoyayye ba ne: mai faci na bakin titi ya saba da tayar mota da ke shan iska 30 zuwa 35 a ma'aunin PSI, sai ya buga wa tamu haka, alhali ita tsakanin 18 zuwa 22 take so, gwargwadon abin da aka rubuta a jikinta. Ba laifinsa ba ne, mu ne ba mu gaya masa ba.

Saboda haka muka sayi gejin auna iska da famfo muka ajiye a rumfa. Yanzu duk mako ana auna kowace taya da sassafe, kafin mota ta motsa. Safiyar tana da muhimmanci, domin iska tana kumbura da zafi. Abin da geji ya nuna da sanyin hunturu ba shi zai nuna da azahar a watan Afrilu ba. Wani amfanin da muka gani shi ne ta ɓangaren batir, domin taya mai ƙarancin iska tana sa mota jan ƙafa, caji ya ƙare tun ba a kai rami na 18 ba, wato ramin ƙarshe na wasan.

Sai ƙaya. Duk wanda ya bi ƙwallonsa ƙarƙashin aduwa ko gabaruwa da mota ya san abin da ke biyo baya. Huda a tafin taya ana yi mata faci ta ci gaba da aiki. Huda a gefe kuwa ba ta ɗaukar faci, sai dai sabuwa. Muna roƙon membobi su tsayar da mota a kan hanya su taka da ƙafa, tafiyar ba ta kai ta kawo ba. Tayoyin da ke sacewa a hankali ba tare da huda ba, mun bi su da ruwan omo, kumfa ya nuna yawanci bawul ne ko tsatsar bakin rim. An kankare, an sauya bawul.

Rana da busasshiyar iskar hunturu ma suna nasu aikin, su ne ke jawo 'yan tsage-tsagen nan a gefen roba. Mun gyara rufin rumfa inda ya yage, kuma motar da za ta daɗe a ajiye ana ɗan tura ta lokaci-lokaci don kada taya ta kwanta a wuri guda.

Wajen sauyi mun tsaya a kan ƙa'ida ɗaya: biyu-biyu ake sauyawa, na gaba tare ko na baya tare, kuma iri ɗaya. Noti huɗun da ke riƙe rim ana ɗaure su ne a giciye, a sake duba su bayan fitar farko. Idan taya tana da lamba huɗu ta ranar ƙira, biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Muna dubawa kafin mu biya, don kada a sayar mana da wadda ta kwana a sito shekaru tana bushewa da sunan sabuwa.

Abin da muke nema daga babban taro abu biyu ne: amincewar a ware kuɗin tayoyin ajiya kafin faɗuwar damina, da kuma izinin a tura ɗaya daga cikin yaran rumfa ya koyi faci da saitin ƙafa. Littafin awon iska yana rataye a bakin rumfa ga duk mai son dubawa.

Wassalam.
Sakataren Kwamiti