Yaya ya ce in yi wa Baba ƙarya saboda sayen kan sarki

Assalamu alaikum Anti, barka da aiki, Allah ya ƙara basira. Ni mai sauraron shirinki ce daga Jos, don Allah a sakaya sunana saboda 'yan gidanmu ma suna ji. Matsalata ba ta aure ba ce, tsakanin mahaifinmu ne da babban yayanmu, ni kuma ina tsakiya kowa na ja.

Baba tsohon akawu ne a wani kamfanin kuza a Bukuru, tun yana saurayi yake tara kan sarki. Wasiƙun da ake aiko wa ofis daga Ingila da sauran ƙasashe shi yake roƙon ambulan ɗin, ya jiƙa a ruwa ya ɓanɓare kan sarkin ya shanya, har ya cika albam da yawa. A rikicin Jos na 2001 gidanmu na cikin waɗanda suka ƙone, mun tsira da rai alhamdulillahi amma ko tsinke ba a fitar ba, tun daga nan bai ƙara ɗaga maganar ba. Da Mama ta rasu kuma sai ya koma daga masallaci sai ɗaki, abinci ma sai an yi da gaske yake taɓawa.

Bara wani tsohon abokin aikinsa ya nuna mana dillalan kan sarki na Ingila da Amurka da ke saka littattafan zaɓi a intanet. Baba ya ce shi ya san tsarin tun da can, dila ne zai aiko maka littafi ta gidan waya ka cire wanda ka ga ya yi maka, ka mayar masa da sauran tare da kuɗin abin da ka ɗauka, amana zalla. Na yanzu hoton kowane fejin littafin ake ɗauka a ɗora, kowane kan sarki da lambarsa da farashinsa a ƙasa, wanda ya riga cewa nawa ne shi ke da shi, dilan ya ajiye maka a gefe sai ƙarshen wata ya haɗa lissafi ka biya ya zuba duka cikin ambulan ɗaya don kar kuɗin aike ya yi yawa. Da yake Baba bai iya wayar zamani ba ni ce hannunsa, ni ke buɗewa ni ke biya.

Anti da za ki gan shi bayan isha'i wallahi sai kin yi mamaki. Zai sa tabarau ya ce jawo min wannan, in buɗa hoton da yatsa, ya bi haƙoran gefen yana dubawa ɗaya bayan ɗaya ko akwai wanda ya gutsure, sannan ya ce a tambayi mutumin ya turo hoton bayan, don a baya ake gane ko takardar ta kankare ko an taɓa manna ta a albam ko gam ɗinta na nan yadda yake. Jerin kan sarkin Najeriya na 1953 na zamanin Sarauniya Elizabeth yake son ya kammala, guda 12 ne daga na dari (rabin kwabo) har na fam guda, na kwabo mahaya dawakin Barno ne, na ahu (kwabo ɗaya da rabi) gyaɗa, na kwabo biyu aikin kuza, na taro (kwabo uku) gadar Jebba. Ranar da na ahu na 1936 ya iso, mai hoton jirgin haƙar kuza, ya ɗauke shi da hantsaki ya fi ƙarfin minti nawa yana kallo, sai ya kira jikokinsa ya fara ba su labarin yadda injin yake shawagi a kan ruwa yana kwaso ƙasa da bokitai, da yadda waɗannan kududdufai da muke gani a hanyar Bukuru da Barikin Ladi suka samo asali. Rabon da in ji muryar Baba ta tashi haka tun Mama na raye. Ya dawo cin abinci, har wanka yake ya fita shan iska da yamma.

To matsalar kuɗi ce. Yawancin abin da yake ɗauka ba tsada gare su ba, santi 20, santi 50, wani dala ɗaya, amma da an tara an ɗora kuɗin aike na rajista sai ki ga lissafin wata ya kai dala 30 ko 40. Kafin Yunin 2023 da dala ke wajen naira 460 a banki da ba wanda zai ɗaga kai, yanzu kuwa kin san inda ta kai, ga katin naira wani lokaci ya yi wani lokaci ya ƙi sai na nemi mai katin dala ya biya in tura masa da ɗan abin da ya ɗora. Kuɗin daga hayar shagonsa yake fita, amma maganin hawan jininsa da cefanen gida yawanci Yaya ne ke turowa daga Abuja.

Da Yaya ya ji labari ransa ya ɓaci sosai. Ya ce shi yana can yana matse kansa da iyalinsa, ana nan ana tura wa Bature dala a kan tsohuwar takarda, ga rufin ɗakin Baba na yoyo ga bikin autarmu na matsowa. Goggonmu ma ta sa baki ta ce almubazzaranci ne. Kuma gaskiya ban ce Yaya ba shi da hujja ba. Ya ce in an tashi sayarwa wa zai saya a Jos? Farashin da ake gani a kundin farashin kan sarki na kamfanin Stanley Gibbons ba shi ake ba mutum ba, su kansu dillalan ƙasa da shi sosai suke sayarwa balle su saya a hannunka. Ko Penny Black, kan sarkin da aka fara fitarwa a duniya a 1840, an buga sama da miliyan 68, tsufa kaɗai ba ya sa abu ya yi daraja. Duk wannan Baba ya fi kowa sani, bai taɓa cewa jari yake tarawa ba, cewa yake abin da wuta ta ci yake mayarwa.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne yadda Yaya ke magana kamar tsufa ne ya taɓa Baba. Kwanaki wani ya saka na fam 25 na Arewacin Najeriya na 1904, mai kan Sarki Edward na bakwai, a farashin da bai kai na buhun shinkafa ba, ni har na fara murna, Baba ya kalla sau ɗaya ya ce rufe, jabu ne, wannan ko manyan masu tarawa na duniya ba kowa ke da shi ba, na gaske ba a littafin zaɓi ake samunsa ba, gidan gwanjo ake kai shi da takardar shaidar masana. Mutumin da ke gane irin wannan ai hankalinsa garau yake.

Yanzu umarnin da Yaya ya ba ni shi ne in ce wa Baba dillalan sun daina aiko kaya Najeriya, shi ke nan magana ta mutu ba tare da an yi sa-in-sa ba. Anti ni ba zan iya kallon idon mahaifina in shirga masa wannan ba, kuma in ya gano, wanda na san zai gano don abokin nasa na nan yana karɓar nasa, da wane ido zai ƙara kallona. Ga shi a wannan watan ya riga ya ce nawa ne a kan wasu na Arewacin Najeriya na kafin haɗewar 1914, masu hatimin Zungeru da Lokoja, dilan ya cire su ya hana wasu, yana jiran kuɗi. A wurin Baba wannan alkawari ne, kuma a tsarinsu wanda ya kama kaya ya ƙi biya ba sa ƙara sayar masa. Amma kuma Yaya shi ya riƙe karatuna har na gama, ban taɓa tsallake maganarsa ba, in na ƙi zai ce na raina shi ko ina goyon bayan ɓarna.

Na yi tunanin in ce a yanke wa abin iyaka, misali kaza a wata ba ƙari, ni ma in riƙa sa wani abu daga albashina, ko a riƙa tara zaɓin wata biyu uku kafin a aiko tunda wasu dillalan suna yarda su riƙe. Sai dai ban san ta inda zan ɓullo wa Baba da maganar ba tare da ya ji kamar 'ya'yansa sun fara yi masa ƙididdiga a kan kuɗin shagonsa ba, mutum ne mai zuciya, yana iya cewa a bar shi gaba ɗaya ya koma ɗaki ya rufe ƙofa, abin da nake tsoro ke nan. Shin in fara zuwa wurin Kawu ƙanin Baba ya shiga tsakani, ko hakan tona asirin gida ne? Kuma a addinance dattijo ya kashe halaliyarsa a kan abin da ke sanyaya masa rai alhali ɗansa ne ke ɗauke da maganinsa, almubazzaranci ne ko kuwa? Yaya zai shigo Jos ƙarshen wata kuma ya ce yana so ya tarar an gama da maganar, don Allah Anti ki taimaka ki karanta wasiƙata kafin lokacin, masu sauraro ma su ba ni tasu shawarar.

Na gode, Allah ya saka da alheri.

Taki,
'Yar Jos