Rahoton Ayyukan Shekara na Ƙungiyarmu ta Masu Aikin Hawa Sama

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Iyayen ƙungiya, shugaba, 'yan kwamiti, da sauran 'yan uwa masu neman halaliyarsu a sama: masu hawa ƙarfen sabis da falwaya, kafintoci masu buga kwano, masu ɗora sola da tankin ruwa, masu fenti da masu walda, na cikin birnin Kano da na kewaye. Ga rahoton ofishin sakatare kan abin da muka yi a wannan shekara. Lissafin kuɗi yana hannun ma'aji, zai karanto shi da bakinsa, ba zan shiga gonarsa ba.

Kafin komai, muna miƙa ta'aziyya ga iyalan 'yan uwanmu da Allah ya yi wa rasuwa cikin shekarar nan. Ƙungiya ta je gaisuwa kowane gida, ta kai abin da ya samu. Allah ya jiƙansu, ya kyautata namu zuwan.

Babban taron bara ya ɗora mana aiki ɗaya da ya fi sauran nauyi: a gano dalilin da ya sa mutanenmu da yawa suna da ɗamarar tsaro, wadda muka fi sani da bel, amma ba sa ɗaurawa. Mun zaga wuraren aiki ba tare da sanarwa ba. Abin da muka gani ba daɗin faɗa. Wani nasa na rataye jikin rodi yana shan rana, shi kuwa yana can hawa na uku. Wani ya saƙala na kafaɗa ya bar na cinya yana reto kamar jela. Wani kafinta bai ɓoye mana ba, ya ce sai ya hango motar injiniya yake zurawa.

Da farko faɗa muka riƙa yi. Daga baya muka koma sauraro, kuma amsar kusan iri ɗaya ce ko'ina. Bel yana yanka matsematsi in an sunkuya, yana goge fatar wuya, ga zafi. Duk wanda ya taɓa tsayawa a kan kwano tsakanin Maris da Mayu, lokacin da zafin Kano ke haura digiri 40, ya san ba raki ba ne. Sannan ɗan kwangila yakan sayo girma ɗaya ya raba wa kowa, siriri da ƙato, kamar gidan sauro. Ni dai a nan ra'ayina ya sauya. Mutumin da ke kwance bel da hantsi saboda yana cin namansa, wa'azi ba zai mayar masa da shi ba, sai an gyara abin da ke cizonsa.

Gwajin rataya

Muka kafa ƙaramin kwamiti, muka sa teloli masu ɗinkin jaka da tamfol, da baduku ɗaya, da wani ɗan uwa da ya daɗe yana aiki da kamfanonin mai a Kudu, inda ba a wasa da wannan batu. Aikinsu na farko shi ne gwajin rataya. An samu ƙarfe mai ƙwari a harabar wani shagon walda, kowa ya ɗaura bel ɗinsa yadda ya saba, a rataye shi ƙafarsa ta bar ƙasa da taki ɗaya, ga kujera a gefe, ba a wuce minti ɗaya ko biyu ba.

An sha dariya ran nan, an kuma koyi darasi. Waɗanda suka saba sassauta maɗaurin cinya don su sha iska, ana sakinsu suka fara kiran a kawo kujera. Maza sun san inda abin ya kama. Wani yaro siriri mai ɗora sola, maɗaurin ƙirji ya haura ya shaƙe masa maƙogwaro, don bel ɗin ya yi masa yawa. Wani kuma da ya zo da kaftani, rigar ta tattare a ƙarƙashin igiyoyin ta zama dunƙule tana tokare shi. Akwai wanda mukullin babur ɗinsa da ke aljihu ya bar masa shaida a cinya.

Daga nan muka fitar da yadda ake daidaitawa, kuma an buga a ƙaramin kati an raba. Zoben baya ya zauna tsakanin allunan kafaɗa, kada ya hau ƙeya, kada ya sauka gadon baya. Maɗaurin cinya a ja shi har tafin hannu ya shiga a shimfiɗe amma dunƙulen hannu ya kasa. Na ƙirji ya tsaya a tsakiyar ƙirji. Igiyar da ke ratsawa ƙarƙashin mazauni ita ke ɗaukar nauyin mutum in ya rataya, don haka kada ta karkace. A zazzage aljihu kafin a hau. Igiyar tare faɗuwa kuwa ba a maƙala ta sai a zoben da aka yi wa alamar harafin A. Zobban gefen ƙugu na jingina ne lokacin aiki.

Gardamar ɗinka namu

Wannan ita ce muhawarar da ta fi zafi a shekarar nan, har sai da iyayen ƙungiya suka sa baki. Wasu 'yan uwa suka ce garin teloli da dukawa kamar Kano, me zai hana mu ɗinka namu daidai jikin kowa, tunda na waje ya yi tsada? Ɗaya daga cikin telolin ma ya kawo samfur, kuma wallahi a ido ya fi wasu na kanti kyau.

Kwamiti ya ƙi, kuma ina cikin waɗanda suka ƙi. Ga dalili. Bel na gaske da aka buga wa EN 361, wato ma'aunin ƙasashen Turai, sai an ɗaura shi a jikin mutum-mutumi mai kilo 100 an sake shi ya faɗo mita 4, sau ɗaya ta ƙafa, sau ɗaya ta ka, kuma dole ya riƙe shi kansa na sama. Ana kuma jan sa da ƙarfin da ya kai kilonyutan 15, kwatankwacin nauyin buhun siminti 30. Manyan igiyoyinsa ba sa gaza milimita 40 a faɗi, zaren ɗinkin kuma launinsa daban ne da na igiya don a ga inda ya tsinke. Mu ba mu da wurin yin ko ɗaya daga cikin gwaje-gwajen nan. Wa zai yarda a gwada ɗinkin da ɗansa?

Sai aka koma kan a ɗinka wa bel ɗin kanti soso a kafaɗa da cinya. Nan ma ɗan uwanmu na Kudu ya taka mana birki: ƙa'idar EN 365, ita ma ta ƙasashen Turai, ta hana a yi wa kayan ƙari ko gyara sai da rubutaccen izinin kamfanin da ya ƙera, kuma abin da ya rufe igiya yana ɓoye lalacewarta. Badukun nan ne ya warware mana, ya ce to a bar bel yadda yake, a sa laushin a jikin mutum. Haka aka yi falmaran mai taushi a kafaɗa da wuya, da gajeren wando mai taushi a cinya, a sa su kafin a ɗaura bel. Na farkon bai yi ba. Soson ya yi kauri, ya sha gumi, cikin mako guda ya fara tsami, wasu suka fito da ƙurajen zafi. Na biyun an rage kauri, an yi bayan da yadi mai raga, ana wankewa da yamma ya bushe kafin asuba. Shi ake amfani da shi yanzu, kuma a zagayenmu na ƙarshe mun tarar da masu shi sun fi barin bel a jikinsu har tashi. Telolin sun kuma ɗinka jakar guduma da ƙusa, da jakar ajiye bel don a daina jefa shi bayan a-kori-kura tare da galan ɗin fenti.

Ga masu saye da kuɗinsu, shawarar kwamiti ita ce a gwada a jiki kafin a biya, a duba takardar da ke ɗinke a jikinsa mai lamba da shekarar ƙira, a zaɓi mai wurin daidaitawa a kafaɗa da ƙirji da cinya. Masu walda su nemi wanda aka saƙa da zaren da ke jure wuta, irin Kevlar ko Nomex, don tartsatsi yana huda na roba kamar yadda garwashi ke huda leda.

Igiya ta fi gini tsawo

Akwai abin da ya ba mu kunya da muka zauna da biro da takarda. Igiyar da yawancinmu ke amfani da ita mita 2 ce, da ɗan ƙunshin nan mai warwarewa ya rage ƙarfin fizga. Aikin ƙunshin shi ne kada fizgar da za ta sami jiki ta wuce kilonyutan 6, kamar nauyin buhun siminti 12, amma kafin ya gama aikinsa yana iya ƙara tsawo har mita 1.75. A haɗa da mita 1.5 daga zoben baya zuwa tafin ƙafa, da mita 1 na rara. Ya zama ana bukatar sarari mita 6.25 daga inda aka maƙala zuwa ƙasa. Rufin gida mara bene bai kai haka ba. Wato kafinta zai ɗaura bel tsaf, ya maƙala igiya, ya faɗo ya daki ƙasa igiyar ba ta gama tare shi ba. Don haka muka koyar da cewa a ƙananan gine-gine a gajarta igiya yadda mutum ba zai kai bakin rufin ba sam, ko a yi amfani da na'urar da ke naɗe igiya tana kamewa nan take kamar bel ɗin mota. A kuma maƙala sama da kai in da hali. Bututun ruwa da katakon silin ba wurin maƙalawa ba ne. Dokar Amurka ma cewa ta yi wurin ya iya ɗaukar fam 5,000, sama da tan 2, ga mutum ɗaya.

'Yan uwa masu hawa falwaya, ku yi haƙuri zan sake maimaitawa. Bel ɗin ƙugu kaɗai na jingina ne don hannu biyu su samu aiki. In an faɗo da shi, duk fizgar a ciki da ƙashin baya take sauka, ko mutum ya kife ya zame. Hukumar OSHA ta Amurka, mai kula da lafiyar ma'aikata a wurin aiki, ta haramta shi wajen tare faɗuwa a aikin gini tun 1 ga Janairun 1998.

Ranar almakashi

A 28 ga Afrilu, ranar da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta ware tun 2003 don lafiyar ma'aikata a wurin aiki, muka yi binciken kaya na farko. An shimfiɗa tabarmi, kowa ya zube nasa, ana lanƙwasa igiya taki-taki ana duba yanka da ƙuna da inda fenti ya sandarar, da inda ruwan batirin sola ya ci. Bel na gwanjo da yawa ba su da takarda ko kaɗan. Wasu sababbi ne fil amma jabu, zoben ƙarfen ma a lanƙwashe yake ba a haɗe bakinsa ba. Duk bel ɗin da ya faɗi binciken, an sa masa almakashi a gaban mai shi, don mun san in an bar shi gobe zai koma kasuwa ko hannun yaron gida.

Wani dattijo cikinmu, wanda da yawanmu a hannunsa muka koyi hawa, ya riƙe nasa gam ya ce ya girmi wasu da ke wurin kuma bai taɓa ba shi kunya ba. Shugaba ya durƙusa gabansa, ya murza igiyar kafaɗar da yatsa biyu, sai ga gari na zuba kamar tsohon buhu. Baba ya yi shiru, ya karɓi almakashin ya yanka da kansa. Asusun ƙungiya ya saya masa sabo. Daga yanzu kowane bel yana da kati, ana duba shi aƙalla sau ɗaya a wata 12 kamar yadda EN 365 ta ce, ban da dubawar mai shi kowace safiya. Bel ɗin da kuma ya taɓa tare faɗuwa ya gama aiki, ko da ido bai ga komai ba.

Sauko da wanda ya rataya

Da damina wani ɗan uwa ya zame a kan ƙarfen tankin ruwa. Bel ya riƙe shi, alhamdu lillahi, amma sai aka rasa yadda za a sauko da shi. Tsanin da ke wurin bai kai ba, ana ta guje-guje neman aro a unguwa, shi kuwa yana cewa ƙafafunsa sun mutu, yana ganin jiri. An sauko da shi da rai, ya kwana a asibiti. Abin da ke faruwa shi ne jini yana taruwa a ƙafafu in mutum ya rataya ba motsi, ya rage komawa zuciya da ƙwaƙwalwa. Sanarwar da OSHA ta fitar a 2004 ta ce hakan na iya kai wa ga suma da mutuwa cikin ƙasa da minti 30. Tun daga nan muka fara atisayen ceto, muka koya wa mutane taka 'yar igiyar da ake warwarowa daga ƙugu a miƙe a kanta, da motsa ƙafa kamar mai tuƙa keke. Mun kuma yanke cewa ɗan ƙungiya ba zai hau shi kaɗai ba, kuma wanda aka sauko da shi sai ya ga likita ko da ya ce garau yake.

Inda muka gaza

Batun diyya bai motsa ba. Dokar biyan diyya ga ma'aikata ta 2010 ta ɗora wa mai ɗaukar aiki zuba kashi 1 cikin 100 na albashin ma'aikatansa a asusun inshorar ma'aikata na ƙasa, wato NSITF, amma yawancinmu aikin yini muke yi, ba takarda, ba suna a rajista. Mun zauna da wasu 'yan kwangila, an sha shayi, an yi alkawari, shiru kake ji. 'Yan uwa na ƙananan hukumomin nesa ma ba mu kai musu gwajin rataya ba, laifin ofishina ne, na ɗauka.

Su za mu fara da su bayan salla, sannan a sayi kayan ceto ko da saiti ɗaya ne da za a riƙa aro. Ranar babban taro kowa ya zo da bel ɗinsa da igiyarsa da katinsa, wanda bai karɓi falmaran ba ya ba telolin awonsa a bakin ƙofa. Masu bashin kuɗin wata kuma, ma'aji ya ce yana nan zaune tun ƙarfe tara.

Wassalam.
Sakataren ƙungiya