Wasiƙa zuwa ga Yaya game da tagwaye

Agege, Legas

Yaya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya, kai da Inna da sauran mutanen gida a Maraɗi, ina sanar da kai cewa an sallamo tagwayen da mahaifiyarsu daga asibiti ranar Talata. Kai na rubuto wa domin na ji maganganun da ake yi kan yadda aka sami cikin tagwayen nan namu, kuma akwai abin da kunya ba za ta bar ni in faɗa wa Inna da bakina ba.

Gaskiya ne, bayan shekara 9 muna jira, likitoci ne suka haɗa ƙwan mai ɗakina da nawa irin a ɗakin gwaji, sannan suka dasa mata a mahaifa. Kafin mu fara mun tambayi malamai a nan, suka ce ya halatta muddin na miji da matarsa ne, ba a sa na wani ba. Hanyar kuma ba baƙuwa ba ce, domin Louise Brown, wadda aka fara haifa ta haka a Ingila a 1978, ta girma har ta haifi nata 'ya'yan ba tare da dashe ba.

Sai dai ba zan ɓoye maka ba, 'ya'yan dashe sun fi sauran jarirai yawan zuwa bakwaini, wato kafin mako 37, ko kuma da nauyin da bai kai kilo 2 da rabi ba. Likita ta ce babban dalili shi ne dasa ɗan tayi fiye da ɗaya a lokaci guda, ga shekarun uwa, ga kuma ita kanta larurar da ta hana haihuwa tun farko. Ta so a dasa ɗaya. Ni na nace sai biyu, saboda kuɗin ba wanda zan iya sake tarawa ba ne, kuma sai da na zargi kaina ranar da na ga Husaini a cikin kwalba da siririn bututu a hanci, tafin ƙafarsa bai fi babban yatsana ba.

A mako na 33 aka ciro su ta hanyar tiyata saboda jinin mahaifiyarsu ya hau. Yanzu dukansu suna kama nono, kuma kullum bayan la'asar nakan kwantar da ɗaya a ƙirjina ba riga, in lulluɓe shi da zane domin ya sami ɗumi, kamar yadda aka koya mana.

Don Allah ka lallashi Inna kada ta aiko da jiƙe-jiƙen jarirai, domin nono zalla za su sha har wata 6, ko ruwa ba za a ba su ba. Idan an duba musu ido da kunne a wata mai zuwa, zan kira ka.

Naka,
Ƙaninka